Ɗakin da Na Gina wa Inna a Kan Hanyar Ruwa

Ni birkila ne. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na sani igiya ne da cokalin gini da siminti. Na yi aiki a Ƙofar Dumi inda aka haife ni, na yi a gefen barikin Shadawanka, na gina ɗakunan hayar ɗalibai a Yelwa har na daina ƙirgawa. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce bangona ya karkace. Gida ɗaya ne na gina ya ba ni kunya, shi ne nawa.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami. Tun daga nan Inna ba ta sake kwana a ɗakin da za ta ce nata ba ne. Gidan kawu, gidan haya, wani gidan hayar, daga ƙarshe gidan ƙanwata, inda take kwana a tabarma tsakanin jikoki. Ba ta ƙorafi. Sau ɗaya dai, tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ina son ɗakin da ba wanda zai ce mini in matsa." Na ci gaba da abin da nake yi. Amma na ji.

Wani dillali ne ya kai ni wurin, can gangaren bayan Yelwa, lokacin da zafi ya kai ƙarshe ana jiran ruwan fari. Fili ne shimfiɗaɗɗe. Ta bayansa akwai ɗan kwari busasshe, akuya kwance a ciki tana tuƙa. Na durƙusa na damƙi ƙasar wurin. Yashi ne, fari, wankakke, mai kaifi, irin wanda muke yini muna jiran tifa ta kawo daga rafi. Na tura hannu har gwiwar hannu, duk yashi. Na miƙe na ɗaure fuska don kada dillalin ya gane na ga alheri.

Manomi da ya tambayi abin da ya kawo yashin rafi cikin fili. Mai kiwon agwagwa ma da ya tambaya. Ni birkila ne, yashi na gani ba mai shi. Na yi sati ina ba abokan aiki labari cewa na sayi fili an haɗa mini da yashi, suna cewa Allah ya ba mu irin sa'arka.

Da yashin wurin na buga bulona. Ina tashi daga aikin mutane in zo in yi nawa. Zaure, ɗakina, ɗakin yara, sai ɗakin Inna. Nata na kai can baya, don ya fi shiru kuma iska na hurowa daga kwarin. Filin bai isa ba, sai na ci taku huɗu daga cikin kwarin. Na cike wurin da ɓaraguzan gini, na daddaɓe, na ɗora harsashi a kai. Takardar izini kuwa ban nema ba. A wurinmu takarda ta masu bene ce.

Ginin ya kai linta, saman ƙofa da taga, sai ga farar mota ta ma'aikatan da ke duba gine-gine. Maza biyu da mace ɗaya. Macen ce babba, ko da yake ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta yi lulluɓi, ta sa dogon takalmin roba na shiga ruwa, a wurin da ko yawu ka tofar sai ya bushe kafin ya sauka. Na yi dariya a ciki. Ba ta fara ta kaina ba. Ta gangara cikin kwarin, ta yi sama, ta yi ƙasa, tana duban itatuwa. Sannan ta hauro.

"Baba, sannu da aiki. Kai ne mai gidan?"

"Ni ne."

"Wa ya yi maka ginin?"

"Ni."

"Ginin ya yi kyau," in ji ta. Na ji daɗi, ban nuna ba. "Amma ɗakin nan na baya a kan hanyar ruwa yake."

"Wane ruwa?"

Ta nuna mini wata bishiya a bakin kwarin. Tsofaffin ledoji da busasshiyar ciyawa sun maƙale a jikinta, daidai ƙirjina.

"Wa ya rataye waɗancan?"

"Iska."

"Yashin da ka buga bulo da shi fa? Shi ma iska ce ta wanke maka shi?"

Na ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake gini."

"Na yarda, Baba. Ruwan nan ma tun ba a haife ka ba yake bi ta nan."

Ta ce sauran gidan ba ruwansu da shi. In rushe ɗakin baya, in mayar wa kwarin taku huɗunsa, in zo ofis a ba ni takarda. Ɗaya daga cikin mazan ya ɗauko gwangwani ya zana jan kuros a bangon ɗakin Inna. Suka miƙo mini wata takarda, na ninke na sa a aljihu. Mai ɗakina ta wanke ta da rigar.

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba na kwaɓa siminti. Jan fenti na tsorata mutane, amma ba birkila ba. Kafin la'asar na shafe shi da filasta, sumul, ba ka ce an taɓa rubuta komai a wurin ba.

Akwai abin da kowa ya sani a unguwanni irin namu. In an yi maka jan fenti, ka jira hutun Sallah, lokacin da ofisoshi ke rufe. Ka buga kwano cikin kwana biyu, ka kwaso iyali, a hura wuta, a shanya wanki. An ce ba a rushe gidan da hayaƙi ke tashi a ciki. Haka na yi. Mutane na yawon Sallah, ni da kafinta muna kan rufi. Na karkato da kwanon duka cikin tsakar gida, don mai ɗakina ta riƙa tarar ruwan sama a duro.

Rana ta uku na ɗauko Inna a keke mai ƙafa uku. Ta shiga ɗakin ta shafa bango. Ta rufe ƙofa, ta buɗe, ta sake rufewa. Na ba ta makulli, ta ɗaure a bakin zane. Ta ce in kafa mata ƙusa ta rataye carbi. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na fita waje na yi kamar ina gyara wani abu.

Mai ɗakina ta same ni a zaure.

"Ka gaya wa Inna?"

"Me?"

"Abin da ka shafe."

"Wannan maganar gini ce. Ki tsaya a tukunyarki."

"To," in ji ta. Tana da wani irin "to" da na tsana.

Damina ta farko ruwa ya biyo layinmu, ya shigo zaure, ya kai idon sawu. Ba abin tashin hankali ba ne. Na ɗora layin bulo ɗaya a dokin ƙofa. Maƙwabcina da ke fuskantata Ibo ne, yana da shagon kayan mota a cikin gari, mutumin kirki. Da ruwa ya tarar da ƙofata a toshe sai ya juya wajensa. Shi ma ya kira birkila, ba ni ba, ya ɗora layi biyu. Ruwan ya dawo mini. Na ɗora uku.

Ya fito ya same ni ina kwaɓa siminti.

"Oga birkila, ka ƙara kuma?"

"Na ƙara."

"Ruwa ya zo, ya ga ƙofarka ya rufe, ina zai tafi? Gidana! Matata ya ce in tambaye ka, sama kana so ka kai?"

"Ka ce mata in kun tsaya, na tsaya."

Ba wanda ya tsaya. Duk layin ya ɗauka. Kowa na leƙen ƙofar ɗan'uwansa kamar masu kishin sabuwar riga. Ni da nake da sana'ar a hannu na fi kowa. A damina ta uku dokin ƙofata ya kai cinya. Baƙi sai sun dafa sun ɗare kamar masu hawa bayan tifa. Liman ya zo gaishe da Inna rigarsa ta yage. Inna kuwa ta daina fita. In an yi suna ko rasuwa sai dai ta ba da saƙo, don sai mutum biyu sun ɗaga ta kafin ta tsallake, ita kuma ta ce ba buhun masara ba ce.

Ta tambaye ni wata rana, "Kai, ɗaki ka gina mini ko rijiya?"

Na ce, "Inna, ai ruwa ne nake tare miki."

A wannan shekarar ma'aikaciyar ta dawo, da takalminta. Ta tsallake dokin ƙofar. Ta zagaya baya ta dubi bangon da na shafe, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Baba, filasta ta yi kyau."

Ta leƙa ɗakin ta ga tsohuwa a kan gado. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta ba ta gyaɗa a ƙoƙo. Da ta fito ta rage murya. Ta ce ba ta son ta kawo katafila a kan tsohuwa, amma sunan gidana na cikin jerin da ta miƙa, in taimaki kaina in mayar da Inna ɗakin gaba kafin ruwa ya yi ƙarfi. Sannan ta nuna magudanar tsakar gida, ramin da ke fitar da ruwan wanke-wanke zuwa kwari.

"Duk abin da za ka yi, kada ka toshe wannan."

Bayan ta tafi Inna ta ce, "Wace ce yarinyar nan mai ladabi?"

Na ce, "Duba-gari ce. Masu duba tsafta."

Bayan sati biyu aka yi ruwa mai ƙarfi, kwarin ya cika, ruwa ya ɗan dawo ta cikin magudanar ya jiƙa tsakar gida. Da farko na cusa buhun siminti. Da ya sake dawowa na kwaɓa kankare na liƙe ramin gaba ɗaya. Da ba ta ce kada in toshe ba, wataƙila da na yi tunani. Na tsaya a tsakar gida na duba gabas da yamma, kudu da arewa. Ba ta inda ruwa zai shigo. Ban ɗaga kai sama ba. Na sha gina wa mutane tankin ajiye ruwa, kuma haka ake yin sa: bango huɗu, ƙasa a liƙe, baki a buɗe.

Ranar da abin ya faru ina aiki a Yelwa. Bayan azahar gari ya yi baƙi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ƙi tsayawa. Muka fake har na gaji, na fita na tari keke. Mai keken ya sauke ni inda kwalta ta ƙare, ya ce daga nan sai kwalekwale. Na naɗe wando na gangara. Layinmu ya zama rafi, ruwa har gwiwa. Na iso ƙofar gidana na duba: ruwan layi bai kai bakin dokin ƙofata ba, saura taƙi guda. Na tsaya cikin ruwan sama ina jin daɗin kaina. Har na waiga ko maƙwabcina na gani.

Na ɗare na dira ciki. Na faɗa ruwa har cinya.

Duk abin da ya sauka a kan kwanon ɗaki huɗu ya zubo tsakar gida, bai sami hanyar fita ba. Masai ma ya cika ya tumbatso ya haɗu da shi. Mai ɗakina ta tura yara gidan maƙwabta tun da wuri. Na same ta tsaye a kan turmi tana kwasa da bokiti tana watsawa bayan katanga. Ta dube ni, ta ci gaba da kwasa. Ko "to" ɗin ban samu ba.

Gidan ya gangara ta baya, don cikon da na yi ya zauna. Ruwan duk ya taru wajen Inna. Na tura ƙofarta da kafaɗa. Tana zaune a tsakiyar gadon ƙarfe, ta naɗe ƙafafu, katifa ta fara sha. Butarta na yawo a ɗakin. Ta ɗora ƙullin kayanta a ka, carbi a hannu.

"Ka zo?" in ji ta.

"Na zo, Inna."

"Ruwan da kake tare mini ne wannan?"

Na juya na durƙusa, ta hau bayana. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ya fi komai ba ni tsoro. A bakin ƙofa na kasa tsallakewa da ita. Maƙwabcina ne ya fito da gajeren wando, ya tsaya ta waje, na miƙa masa uwata ta kan bulon da na ɗora don in tura masa ruwa.

"Mama, sannu, sannu. Riƙe ni. Oga, sake shi, na riƙe."

Ya kai ta barandarsa, matarsa ta lulluɓe ta da bargo.

Na koma ciki. Bangon baya ya tsage daga taga har ƙasa, ina iya ganin haske ta ciki. Ta waje kwarin na cin cikon da na yi, ta ciki ruwan gida na turawa. Na san abin da ke biye. In bangon ya tafi da nauyin ruwan nan, zai ja katakon rufi, rufin kuma haɗe yake da sauran ɗakunan. Na lalubo guduma a ƙarƙashin ruwa. Na hau na ɓalle katakan da suka haɗa rufin Inna da na yara. Sannan na sauko na fasa bangon ta ƙasa, a kusurwa. Bulo ne mai kyau, ni na buga shi, ya ba ni wahala.

Da ramin ya buɗe ruwan ya fita da ƙarfi har ya kusa ɗauke ƙafata. Ya tafi da tabarma da buta da takalman Inna. Ya tafi da cikon da ke ƙarƙashin daɓe. Na fito da rarrafe. Ana kiran la'asar a wani masallaci can sama ɗakin ya durƙusa, ya zauna cikin kwarin a hankali. Sauran gidan ya tsaya.

Wani ɓangaren bangon ya faɗi ta gefen da ake hange daga barandar maƙwabcina. Filastar ta ɓare. Jan kuros ɗin na nan, fes, kamar jiya aka zana.

Inna ta nuna da carbi. "Wancan fa?"

Mai ɗakina ta gaya mata komai, tun daga farar mota har buhun siminti. Ba ta rage ko ɗaya ba. Ta daɗe tana ajiye shi.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta kwance makullin daga bakin zane ta miƙo mini. Ta ce a nemo mata keke. A ranar ta koma Ƙofar Dumi, gidan ƙanwata, kan tabarma tsakanin jikoki.

Na kwashe ɓaraguzan da kaina, na mayar wa kwarin taku huɗunsa, har na ƙara masa ɗaya. Na fasa kankaren magudana. Dokin ƙofa kuwa ni da maƙwabcina muka riƙa sauke shi layi-layi, ina cire ɗaya yana cire ɗaya, kowa na sa ido kada a cuce shi. Da rani ya shigo na rushe rabin zaure, na tayar da sabon ɗaki a gaba, a wuri mafi tudu a gidan. Na yi masa daɓe mai tsayi da taga biyu. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Na yi wanka na tafi ɗauko Inna.

Ta saurare ni har na gama.

"Yarinyar nan ta gani?"

"Wace yarinya?"

"Duba-garin taka."

"Inna, ni fa birkila ne. Shekara nawa ina..."

"Na sani. Na kwana a aikinka."

Ƙanwata ta juya baya tana ƙunshe dariya. Na yi magiya, na rantse, na kawo kafinta ya ba da shaida. Inna ta ce ƙafarta ba za ta taka ɗakin ba sai yarinyar nan ta ce a taka.

Haka na je ofishin da na yi shekara uku ina zagaye shi. Na zauna a benci da hula a gwiwa. Ranar farko ta fita aiki. Ta biyu suna taro. Ta uku ta fito ta gan ni. Na shirya jin gori, na ma tanadi amsa. Sai ta ce, "Baba, ina Inna? Ba ta ji ciwo ba?" Amsar da na tanada ta rasa wurin shiga.

Ta zo bayan kwana biyu. Ta auna daga bango zuwa bakin kwari. Ta sa aka kawo bokiti uku na ruwa, ta sheƙa a tsakar gida ta tsaya tana kallon inda zai bi. Ya tafi, amma ya ɗan tsaya a bakin magudana. Ta ce in sauke bakin da yatsu huɗu. Na ɗauko kurfi da guduma na sauke, tana tsaye a kaina, maƙwabcina na leƙe ta katanga yana cewa, "Oga, yi a hankali, malama yana duba."

Ta ce in zo in karɓi takarda. Na ce takarda ba za ta yi ba, daga ni har Inna ba mai karantawa, kuma ko na ce ga abin da ke ciki ba za ta yarda ba. Ta dube ni, ta dubi agogo. Muka shiga keke har Ƙofar Dumi.

Ta durƙusa a bakin tabarma. Inna ta kama hannunta.

"'Yar nan, gaya mini tsakaninki da Allah. Ke za ki kwana a ɗakin nan da damina?"

"Zan kwana, Inna."

"Har a watan da ruwa ya fi yawa?"

"Har shi."

"Shi fa, ya taɓa wani abu bayan kin duba?"

"Tare muka fito."

Inna ta saki hannunta. Sannan ta ce wa ƙanwata ta haɗa mata kaya. Ita da ma'aikaciyar suka zauna a bayan keke suna hira, ƙullin kaya a tsakaninsu. Babu wuri. Ni na biyo su a ƙasa da tabarmarta a ka.